Madubin Fiorenza

Kusa da Pisa, tsakiyar gonaki,
bututu biyu, kowanne kilomita uku,
haske na kai-komo ciki kamar ɗan aike.

Fiorenza ke aikin dare.
Kofinta ya huce tun ƙarfe biyu.
Madubin da take gadi na rataye da zaren gilas,
ana jira ya motsa,
motsin da, in an gwada, ƙwayar zarra tsauni ce.

Teku ya bugi gaɓa, madubi ya ji.
Ottavio ya tada tarakta da asuba, ya ji.
Duk ta tsince su kamar tsakuwa a shinkafa.

Sai ga wani zane a allo,
gajere, kamar kukan tsuntsun da aka katse:
baƙaƙen ramuka biyu sun rungumi juna
tun ƙasa ba ta san ciyawa ba,
sai yau saƙon ya iso.

Sarari ya miƙe, ya tsuke,
har da ita, da kofin, da garmar.
Babu wanda ya ji a jikinsa.

Da ta fito, Ottavio ya ɗaga hula.
"An dace?"
Ta ce, "An yi sallama daga nesa."
Ya dubi sama,
ya ce shi dai ruwa yake jira.