Ranar da Na Guje wa Ƙanƙara

Kwana goma sha ɗaya ke nan
ƙanƙarata na kwance a firiza, can Sharaɗa,
dunƙule arba'in da biyu, ba wanda ya taya.
Masu zoɓo sun koma dafa shayi,
masu kunun aya sun ce sai zafi ya dawo.
Wutar ma da ta saba yi mini rowa
ta zauna daram,
kamar baƙon da tabarma ta yi wa daɗi.

Da asuba na ɗaga murfi, yatsuna suka ƙage.
Na ce, ke da ɗarin bana kun haɗa baki,
to, ga shagon nan, ku cinye.
Na danna kwaɗo,
na tsai da adaidaita, sai Panshekara.

Challawa ta rame.
Ta tattare zanenta zuwa tsakiya,
ta bar yashi shimfiɗe dama da hagu.
Tururi na tashi a kanta
kamar tukunyar da aka sauke yanzu.
Masu ɗiban yashi sun riga rana fita,
ruwa iya ƙugu, shebur na ta rantsuwa.
Wani da suke kira Barau ya ɗago:
"Malam, shigo mana, ciki ya fi waje ɗumi!"
Na yi dariya, haƙorana na kaɗa kalangu.

Na bi gaɓa, na sa gabas a gaba.
Ba na neman kowa.
Takalmina ya cika da yashi, na zazzage,
ya sake cika, na ƙyale.

Bayan wata kwana sai ga kore,
kore har ido ya ƙoshi:
latas, albasa mai lawashi, kabeji ya naɗe kansa,
injin ban-ruwa na tari a gindin giginya.
Mai lambun, tsoho, Talle sunansa,
ya tuge karas biyu, ya ɗauraye a kwami.
Na ce, ya sanyi?
Ya ce, "Allah ya ƙaro!
Sanyin nan ai shi ne jarina."
Na tauna karas ɗin, ban gaya masa sana'ata ba.
Zaƙinsa ya kai har kunne.

Gaba kaɗan wata kwata ta shigo
da baƙin ruwan gidan jima,
wari ya tare hanya kamar mai bin bashi.
Kogin ya karɓa, ya haɗiye,
bai ce uffan ba, ya wuce.
Balbela uku suka matsa sama kaɗan,
suka ci gaba da kiwo.

Hantsi ya dubi ludayi.
Na tuɓe suwaitar da Lantana ta tsinto mini a gwanjo,
wadda hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo,
na ɗaura a ƙugu.
Na zauna kan wani kifaffen kwalekwale,
na tsoma ƙafa.
Ashe kai ne, na ce wa ruwan,
kai nake ɗaurewa a leda shekara tara,
in kulle ka a duhu har ka sandare,
in sayar da taurinka.
Ya ratsa tsakanin yatsuna, ya tafi abinsa.

Wajen azahar waya ta yi ƙara.
Yarona ne, Ilu, yana haki:
"Baba, an ɗauke wuta tun safe,
an ce taransifoma ce ta ƙone.
In ta kwana haka ƙanƙara za ta fara zufa.
In nemo janareta?"

Na dubi rana a gwiwoyina,
na dubi inda kwatocin unguwarmu suke ƙarewa.
Na ce, ƙyale ta, Ilu.
Ɗauko makullin wajen uwarka,
buɗe murfin ma.
Ta san hanya.
Gobe war haka zan zo nan in tarbe ta.