Tanda Biyu

Ni ce Ladingo mai masa a bakin Wunti,
shekara ashirin ina juyi gaban tanda,
ban taɓa ganin wanda masa ta sa kuka ba
sai Sista Basanti, baƙuwa daga Indiya.

Da sassafe ta zo, ta sauko daga aikin dare,
farin kaya, jan ɗigo tsakanin gira.
Ta tsaya bayan hayaƙi tana leƙe
kamar mai cigiyar ɗa a kasuwa.
Na ce, "Ta nawa?" Ta ɗaga yatsu uku.
Ta gutsura, ta runtse ido,
hawaye ya sauka har kan takarda.

Na zaci yaji ne, alhali ban barbaɗa ba.
Da Hausarta mai ɗingishi ta ce,
"Kakata. Irin wannan. Rami bakwai."
Ashe can bayan teku su ma
suna jiƙa shinkafa ta kwana,
su bar ƙullu ya kumbura ya yi tsami,
su zuba a ramukan baƙin ƙarfe.
Ni da na rantse Bauchi ce ta haifi masa!

Tun ranar benci na ya zama nata.
Nan na ji yadda ta kwance ƙullin daddawa,
ta buɗe tagogi, ta kwana a baranda.
Bara ke nan. Bana ita ke tambaya,
"Ladingo, ta Dass ta iso kuwa?"
Kuka dai har yau ba su shirya ba,
wai miya ba ta bin mutum har haɓa.

Ba ta cin nama. Ranar Layya
kwano tara maƙwabta suka aika.
Kunya ta hana ta mayarwa,
ta yi godiya, ta rufe ƙofa.
Maigadinta Ɗanjuma ya yi wuya a sati guda,
har matarsa ta fara zargi.

Ta zaga Muda Lawal neman wani ganye,
ta kwatanta, aka miƙo mata na'ana'a.
Daga baya ta samo irinsa daga gida,
ta shuka a gwangwanin madara,
tana ba shi ruwa kamar jinjiri.
Ganye shida ya yi.
Akuyar liman ta gama da shi kafin la'asar.

Zogale ne ya share mata hawaye.
Mu ganyen muke kwaɗawa,
su dogayen 'ya'yan suke dafawa.
Itace ɗaya a bayan ɗakina
ya ciyar da gida biyu ba gardama.

Sau ɗaya na kai mata saƙo gida.
Na tarar ta jingina waya jikin tulu,
'yarta a ciki tana cin tuwon darensu,
ita ko nan rana ba ta faɗi ba.
Loma nan, loma can, ba mai magana.
Na ajiye kwanon, na ja ƙofa a hankali.

Da kwantiraginta ya ƙare
ta zo da wani abu naɗe a tsumma:
baƙin ƙarfen kakar, rami bakwai.
Na ɗauko tandata ta ƙasa,
wadda gefenta ya ɓalle tun auren Kubura,
na naɗe mata a tsohon zane.
Ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta komai.

Yanzu ranar Juma'a nakan ɗora nata.
Ramukan ƙanana ne, masu saye na mita,
"Ladingo, tsadar ta kai ga masa?"
In yi dariya in ƙara musu gyara.

Shekaranjiya ta kira.
Tanda ta isa lafiya, in ji ta,
shinkafa iri ɗaya, ƙullu ya tashi,
amma ɗanɗanon ya ƙi zuwa.
Na ce, "Sista, hayaƙin Wunti ne babu."
Ta yi shiru.
Can ta ce, "Ta Dass fa, nawa yanzu?"