Ɗakin Kati, Agege

Shekara sha tara ina jera katin majinyata
a asibitin bayan layin dogo.
Ambaliyar bara ta shigo mini har gwiwa,
ta lashe tawada, ta bar takarda fara fat.
Wa ke da hawan jini? Wa allura ke kumbura wa?
Ruwa ya sani, ya wuce da shi teku.

Bana aka kawo na'ura. Bulokcen, in ji Dakta Folarin.
Na ce ai wannan adashe ne:
kowace mai zubi da lissafinta a ka,
uwar adashe ba ta isa ta goge sifiri ba.
Ya yi dariya, bai musa ba.

Ran Laraba aka kawo Talle mai dakon tumatir,
amai da gudawa, ido ya faɗa.
Na shigar. Kafin azahar Mushin ta shigar da uku,
Ketu biyar, zobe na kama zobe,
har sarƙar ta miƙe bisa taswira
ta tsaya bakin rijiya guda.
Kafin magariba an sa mata kwaɗo.

Amma da dare, cikin danfo, a cunkoson Oshodi,
nakan tuna abin da ba ya goguwa.
Akwai ciwon da mace kan faɗa da raɗa,
ta ce, Baba Ilu, kar ya wuce nan.
Da, sai in tura katin can ƙasan durowa.
Yanzu mabuɗin na wayarta, haka aka ce,
na kuwa yarda.

Duk da haka yatsana kan ɗan dakata
kafin ya danna.