Ɗani Ɗaya Tsakani

Tara na dasa a tsohon bahon Inna,
wanda gindinsa ya huje tun bara.
Sale ya kawo su daga Dutse a leda,
ya ce furen inuwa ne, ba ya son rana,
sunansa kuwa ya manta shi a mota.

Gwaggo Tabawa ta shigo aron rariya,
ta dubi bahon, ta dube ni.
Shekara talatin tana dashen albasa
a bakin kogi, nan ƙasan Auyo.
Ta ware babban yatsa da na tsakiya:
"Ɗani ɗaya tsakani, 'yar nan.
Wannan baho na huɗu ne."

Na ce ai ƙanana ne, Gwaggo,
dubi fili, kamar kasuwa ta watse.
Ta ɗauki rariyarta ta fita.

Sati uku a gindin darbejiya
suna ta miƙa wuya,
kowa na leƙen haske ta kan ɗan'uwansa.
Kara ya yi tsawo, ya sirance, ya yi fari,
ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube.
Can ciki, inda iska ba ta ratsawa,
ruɓa ta kama, tana warin jiƙo.

Da asuba na kawo cokali.
Saiwoyin sun sarƙe kamar zaren da kaza ta taka,
ina ja, suna tsinkewa a hankali,
ina ba su haƙuri.
Ɗaya ya koma gwangwanin madara,
ɗaya fasasshen tulu,
biyu na miƙa wa Laure ta kan katanga.
Na biyar bai kai azahar ba.

Huɗu suka rage, baho ya yi kwana-kwana,
ƙasa tsirara tsakaninsu.
Kunyar kallonsa nake yi.

Yau ga shi ba a ganin bakin bahon.
Ja, da fari, da wani mai kalar cikin gwaiba.
Gwaggo ta dawo da rariya,
ba ta ce na faɗa miki ba.
Ta sa yatsa ta taɓa kwanson iri ɗaya,
ya fashe, fat!
'Ya'yan suka watsu har gindin turmi.

Ta ja da baya tana salati,
sai dariya, har da riƙe ƙugu.
"Kin gani? Shi ma nesa yake jifa."
Ta ƙara sunkuyawa, ta shinshina.
"To, wai ana sa shi a miya?"