Dala Sittin da Man Kaɗanya

Ragon Alhaji Kanta ne ya ja mini,
ranar Alhamis, bakin Kasuwar Dole.
Ya tsinke igiya, ya ratsa tsakanin ƙafafun ƙarfen nan uku
kamar zauren gidan ubansa.
Na cafe kamara kafin ta sha ƙasa,
amma ramin gindinta, inda kusa ke shiga ta zauna,
haƙoransa sun zube kaf.
Ka murɗa, ka murɗa,
kusa na yawo ciki kamar muciya a tukunyar da babu tuwo.

Mai gyara a Zango ya juya ta, ya ja tsaki:
"Sai an aika Kano.
Jaka goma sha biyar, ban da kuɗin mota."
Ni da ke ɗaukar 'yan lakwal hoton kati,
huɗu dala ɗari,
kawuna nawa zan ce wa "ɗaga haɓa"
kafin in tara wannan?
Na ce masa sai na dawo.
Shi ma ya san ba dawowa zan yi ba.

Barma mai gyaran kabu-kabu
ya zazzage mini gwangwanin madara cike da tsatsa,
na tsuguna ina tsinta kamar mai tsince tsakuwa a wake.
Na goma sha ɗaya ya hau kusar, ya zauna daram.
Noti ɗaya, dala goma.
Gam mai bututu biyu, fari da toka-toka,
wanda ba ya aiki sai an haɗa su, dala hamsin.

Da dare, ga shi an ɗauke wuta.
Cima ta riƙe mini fitilar waya.
Na rarake ramin da bakin almakashinta,
a hankali, ina hure garin ƙarfe,
gabana na faɗuwa kada in huda har cikin hanji.
Na goga notin a dutsen bayan ɗaki
har ya rame ya shiga.
Na kwaɓa gam da tsinken ashana.

Zan danna ke nan ta riƙe mini hannu.
"In ka sa haka, kusar ma za ta kame.
Za ka riƙa yawo da su manne a kafaɗa kamar mai zuwa gona."
Ta lakato man kaɗanyar da take shafa wa Habsu a kaushi,
ta mulke kusar.
Shekara tara ina wannan sana'a,
ban taɓa tunanin haka ba.
Ban ce mata komai ba. Ta ji.

Muka ɗaure da tsohuwar robar tayar keke,
muka kifa ƙwarya a kai saboda kaji.
Takardar gam ta ce awa ashirin da huɗu.
Na leƙa sau bakwai.

Asabar da hantsi na murɗa,
kusa ta fito sumul, tana ƙamshin kaɗanya,
noti ya zauna kamar da shi aka haife ta.
Ta ɗan karkata hagu, kaɗan,
na yanko bakin tsohon silifa na cusa,
duniya ta miƙe.

Sai an gwada.
Na kafa ƙafafu uku a tsakar gida,
na jera Cima da Habsu da jarkokin ruwanmu rawaya
da ba wanda ya tuna ya kawar,
na danna mai ƙirga goma,
na ruga.

Akwatina cike yake da fuskokin Damagaram,
'yan jarrabawa, amare, masu neman fasfo,
babu tawa ko ɗaya.
Ga ni nan yanzu, a gefe,
takalmi ɗaya ya cire, baki buɗe,
hannuna baƙi ƙirin da tsatsar Barma,
rabin kunnena a waje.
Cima ta ce a sake.
Na ce a bar shi.