Awon Tsahiru

Likitan Tawa ya ce jinina ya hau.
Ya ce, tun da ya hau, kai ma sai ka hau,
ka bar kujerar ofis ta huta,
ka nemi dutse.

Dutse ba ya wuyar samu a Adar.
Ran Asabar na sauka Tamaske
cikin wandon shaddata na Juma'a,
karin gugarsa kamar bakin wuƙa.
Ƙarangiya ta tarbe ni tun daga gindin dutse,
ta dafe ni kamar ƴan biki sun ga mai goro.
Da na buɗa ƙafa tsakanin fā da fā
sai na ji ƙyat! daga baya.
Mata masu itace suna saukowa.
Ba wadda ta ce uffan,
shirun nan ya fi dariya ciwo.
Na gangaro da hula a hannu,
hannun kuma a baya.

Kuluwa ta ɗaga shi ga hasken fitila, ta ce,
"Malam, wannan ba yagewa ba ce, ƙofa ce."

Asabar ta biyu na ari jins ɗin ɗana.
Ƙaya ta gaishe shi ta koma,
amma gwiwa ta nemi lanƙwasa, ya hana.
Rana ta shiga cikinsa ta ƙi fita,
zufa ta mai da shi buhun gero.
Kwana uku ina tafiya a tale
kamar yaron da wanzami ya sallama.

Lahadi, kasuwa.
Na tsuguna gaban tulin gwanjo
ina jujjuya ƙafafun mutanen da ban sani ba.
Ga wani na leda, marar nauyi,
mai aljihu takwas da zif a gwiwa,
na taka sau biyu, yana ta kwaram-kwaram,
na ce wannan zai kori fakara tun daga Keita.
Jaka huɗu, in ji yaron.
Na ajiye masa abinsa.

Tsahiru tela, a rumfar bayan masu albasa,
bai ɗauko igiyar awo ba.
Ya ce in tsuguna. Na tsuguna.
Ya ce in ɗora ƙafa a kan bencinsa.
Ya ce, "Ƙara sama." Mutane suna kallo.
Sannan ya zaro kaki, launin ƙasar Adar,
ba kaurin tanti ba, ba shara-shara ba.
Ya ce hantsa zai saki,
don dutse da hantsa ake hawansa.
Gwiwa ninki biyu.
Ƙafa a tsuke, kada kunama ta sami masauki.
Zariya, ba maɓalli ba,
don ciki yana da ra'ayinsa kafin fura da bayan fura.
Aljihu ɗaya mai zurfi:
dabino biyar, maganin likita, tazbaha.

Na ce a yi masa ɗan aiki a bakin ƙafa.
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Wa za ka burge a can? Awaki?"

Asabar ta huɗu na kai ƙoli.
Ban tuna da wandon ba sai da na zauna,
ashe iyakar abin da ake nema ke nan.
Ƙasa ta shimfiɗu ja har inda ido ya gaji,
gonakin albasa kore a kwari
kamar an yar da sallaya.

Wani tsoho, Nomau, yana kiwo a nan,
wandonsa maho ne a kan maho,
na kasa gane yadin farko.
Ya shafa gwiwata da yatsa biyu,
ya jinjina kai.
Ya ce, "Mai kyau ne.
Ka dawo da shi bayan damina bakwai,
mu ga ko dutsen ya yarda."

Na ba shi dabino biyu.
Muka ci, muna cire ƙarangiya.