Ƙarfe Ba Ya Ihu

Ni ne Nomau, mai walda a Wadata.
Shekara goma sha tara ina aurar da ƙarfe ga ƙarfe,
idona ya ja, hannuna duk tabon tartsatsi.
In labarin ɓarayin Tawa kake so
ba sai ka je komisariya ba.
Zo rumfata ka ga abin da mutane ke saye.

Da can ƙyauren langa-langa nake yi
don kada akuya ta shiga ta ci hatsi.
Watan jiya ƙofa shida na ƙera,
kowacce sai ƙarti huɗu sun ɗaga,
sakata uku, kwaɗo biyu,
da ƴar kafar leƙen mai ƙwanƙwasawa.

Ɓarawon da, mun san shi:
sai dare ya raba, ya shafe jiki da mai,
ya ɗau tunkiya ya bar maka igiya.
Na yanzu wanka yake yi.
Da rana tsaka yake zuwa, bisa moto,
ran Juma'a liman na huɗuba,
ko ran Lahadi unguwa ta kwashe zuwa kasuwa.
Ba ruwansa da tunkiya, tunkiya tana kuka.
Faifan sola na bisa rufi yake so,
batir, tukunyar gas, salular da aka bari a caji,
kayan da ba su san hanyar gida ba.

Arzika na Abijan, shekara bakwai,
yana aiko gumi, bulo bisa bulo.
Ya bugo mini: Nomau, a ƙara wa katanga tsawo,
ka dasa mata masu, ka ja waya mai ƙaya.
Na yi. Ya biya, ko ragi bai nema ba.
Ranar da suka shiga
awa biyu suka yi a ciki,
har shayi suka dafa da gas ɗin kafin su ɗauke shi.
Maƙwabta ba su ga komai ba.
Ta ina za su gani?
Katangar ce ta yi wa ɓarawo labule.

Na je duba ɓarna.
An yanke sandar taga daidai gindin walda,
inda wuta ta riga ta ci ƙarfin ƙarfe.
Ba kowa ya san wurin ba.
Yara biyar na koya wa sana'a:
uku suna tare da ni, ɗaya yana Agadas,
ɗaya ban san inda yake kwana ba.
Na shafa yankan da yatsa.
Sumul. Yadda nake cewa a yi.
Ɗan sanda ya tambaye ni, na ce zafi ake yi yau.

Sa'ad da Inna Tsahara ke da rai,
gindin bedi, da farantin gujiya,
baƙo bai taɓa ratsa lungun nan ba
ba ta ce masa: ɗan wa? Gidan wa kake nema?
Sa-ido muke ce mata.
Ta rasu da damina, aka sare bedin aka yi shago.
Tun daga nan cinikina ya buɗe.

Jiya Shifkau ya zo da jaka tamanin,
ƙofa yake so irin ta banki.
Na ce zan yi, abincina ke nan.
Amma wa ke bayan katangarka?
Ya sosa ƙeya. Wani malamin lakwal, in ji yara.
Na ce aika masa fura yau,
karɓi lambarsa, ba shi taka,
sauke bulo biyu ta wajen da ke kallon gidansa.
Ƙarfena yana ɓata wa ɓarawo minti goma, ko ashirin,
amma ƙarfe ba ya ihu.

Ya yi dariya, ya ajiye kuɗin.
Na kunna inji.

Da dare na sa tawa sakatar, duka ukun,
na kwanta ina sauraron rufi.
Yaron nan, hannunsa ya fi nawa kyau.